Gidan Haya Da Bashin Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, sayen fili da gina gidan haya sana'a ce halattacciya. Abin dubawa shi ne inda jarin ya fito, da kuma wanda zai ɗauki asara in ta zo.

Sau da yawa dillali kan zo wa mutum da lissafi mai daɗi, ya ce masa ya ci bashin banki ya sayi gida, kuɗin haya za su biya. To, a ce ka ranto naira miliyan 10 bisa ruwa kashi 25 cikin ɗari. Ruwan kaɗai miliyan biyu da rabi ne a shekara, ba a taɓa uwar kuɗi ba. In hayar gidan miliyan ɗaya ce, daga ina cikon zai fito? Ko dai ka tsananta wa ɗan haya da ƙari, ko banki ya yi gwanjon gidan da ka jinginar. Shi mai ruwa ba ruwansa da ɗakin da ya kwana ba kowa, ko rufin da iska ta yaye.

Wannan ne ya auku a Amurka. An yi ta ba mutane rancen sayen gida, har waɗanda ba su da halin biya, bisa zaton farashi ba zai taɓa faɗuwa ba. Da ya faɗi, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, babban bankin nan Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, masifar ta game duniya.

Allah Ta'ala Ya halatta ciniki Ya haramta riba a Suratul Baƙara, aya ta 275. A aya ta 280 Ya umarci a saurara wa mabarci in yana cikin ƙunci, a ta 282 kuma Ya yi umarni da rubuta bashi. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, amfanin dukiya na wanda ya ɗauki lamuninta ne. Shi ya sa kuɗin haya suka halatta, domin gidan yana wuyan mai shi. A Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa in gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a kan abin da ya rage. Watau mai gida ba shi da hakkin riƙe kuɗin watannin da ba a zauna ba.

Wanda jarinsa bai kai ba, akwai mafita. Yana iya yin tarayya da wani, su raba riba bisa yarjejeniya, asara kuwa gwargwadon jarin kowa, sa'an nan ya riƙa sayen rabon abokinsa kaɗan-kaɗan. Akwai kuma bankunan da ba su mu'amala da ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012. Amma ko a can, a karanta takarda da kyau, a tambayi malamai kafin a sa hannu.

Kai mai gida, ka ambata kuɗi da wa'adi a fili, ka rubuta, ka kafa shaidu, ka faɗi aibin gidan. Kai kuma ɗan haya, gidan amana ne a hannunka, jinkirin biya alhali kana da hali zalunci ne. Ɗaki biyu na halal sun fi bene mai hawa uku da aka ɗora bisa riba.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin hakkin bayinSa, amin.