Yaro ya girma ko ya lalace?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam mataki bayan mataki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, sau da yawa uba kan tsaya bakin masallaci bayan Isha'i ya kawo mana kuka: yaron da ke riƙe masa buta jiya, yau ya faɗa ya faɗa, sai fada da shayi har tsakar dare. Tambayarmu ita ce: yaron nan lalacewa ya yi, ko girma ya yi ba mu lura ba?

Mu duba yadda Shari'a ta bi yaro. Kafin shekara 7 ba ta nemi kome gare shi ba. Lokacin kwaikwayo ne, abin da ya gani gida shi yake yi, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya nuna cikin Ihya cewa alamar farko ta wayewar hankalin yaro ita ce kunya, kuma ya kamata a yi amfani da ita wajen tarbiyya. Da ya kai shekara 7 sai a umurce shi da salla. Da ya kai 10 a tsananta, a raba wa yara makwanci. Hadisin Abu Dawuda ya zo da wannan, Ibn Abi Zaid ma ya ambace shi a gabatarwar Risala da muke karantawa a zaurukanmu.

Sannan balaga ta zo, da mafarki ko haila ko tsirar gashi, in babu alama kuwa sai shekara 18 a mashhurin mazhabar Malik. Daga ranar nan alƙalami ya hau kansa. Sallarsa tasa ce, zunubinsa nasa ne. Abdullahi ɗan Umar yana da shekara 14 Annabi (SAW) ya mayar da shi ranar Uhudu, yana da 15 ya karɓe shi ranar Handaƙ. Ke nan Allah Ya ɗora masa nauyin manya, mu kuwa muna nan muna yi masa tsawar ɗan yaye.

A nan kuskurenmu yake. Saurayi a wannan lokaci yana neman a san da shi, a tambayi ra'ayinsa, a ba shi amana. In bai samu gida ba, ya samu fada, inda abokai ke sauraronsa. Zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai: in abokan na ƙwarai ne ya tsira, in masu ƙwaya ne sai Allah Ya kiyaye. Haka budurwa, in uwa ta zama sai faɗa, asirinta wajen ƙawa da salula zai koma.

Wani zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma wanda ya bari ya bushe sannan ya zo da ƙarfi, karya shi zai yi. Ibn Haldun ya yi gargaɗi cikin Muƙaddima cewa tsanani ga mai koyo yana koya masa ƙarya da yaudara, don tsoro kan sa ya nuna abin da ba shi ne cikin zuciyarsa ba. Mun ga haka da idonmu: yaro ya durƙusa gaban uba, ya juya baya ya yi abin da ya ga dama.

Ba muna wanke samari ba ne. Wanda ya balaga Allah zai tambaye shi haƙƙin iyaye, kuma ƙuruciya ba uzuri ba ce. Sai dai mu ma za a tambaye mu. Saboda haka muna ba da shawara: uba ya ci tuwo akushi ɗaya da ɗansa, ya san abokansa da sunayensu, ya damƙa masa wani sashe na gona ko shago, ya yi masa nasiha a keɓe ba gaban ƙannensa ba. Uwa ta koya wa ɗiyarta hukuncin haila da wanka tun kafin su zo mata. Malamai mu buɗe wa matasa zaure bayan Magariba, mu bar su su yi tambaya ba tare da tsangwama ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Amin.