Amanar Mai Nutso

Hausawa su kan ce gani ya kori ji. Magana ce mai kyau, amma akwai wuraren da ido ba ya kai, tilas mutum ya dogara ga abin da aka gaya masa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne ƙarƙashin jirgin teku. Tambayar da na ke so mu duba a nan ita ce wannan: idan an iya sa wa ma'aikaci ido a kowane lokaci, shin sauran bukatar amana ta ƙare ke nan? Na zaɓi in yi maganar a kan masu nutso da su ke wanke jirage da duba su a cikin ruwa, don ban san wata sana'a da tambayar ta fi fitowa fili a cikinta ba.

Mai karatu, ka sani jirgin da ka gani a hoto yana tsaye a bakin tasha ba dukansa ka gani ba. Babban jirgin dakon mai, idan an cika shi, cikinsa ya kan nutse kamar mita 20, wajen gaba 11 ke nan a awon masu gina rijiya, faɗinsa kuwa ya kusa mita 60. Duk wannan ƙarfe yana kwance cikin ruwan gishiri dare da rana. Kafin kwana kaɗan wani yauƙi ya kan lulluɓe shi, sa'an nan gansakuka ta tsiro, sa'an nan waɗansu 'yan halittu masu ɓawo mai tauri su zo su manne kamar an kafa su da ƙusa. Da zarar cikin jirgi ya yi kaushi haka, ruwa ya riƙa riƙe shi ke nan, gudunsa ya ragu, injin ya riƙa shan mai fiye da ƙa'ida. Kuɗin man nan kuwa a kan kaya a kan ɗora shi, har da riɗi da cittar da a ke lodi a Apapa.

Tun da daɗewa masu jirage su ke fama da wannan abu. A 1761 sojan ruwan Ingila suka rufe cikin wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, suka ga ya yi magani, daga baya suka yi wa sauran jiragensu. Da aka koma yin jirage da baƙin ƙarfe sai aka shiga shafa musu fenti mai guba. Akwai wani iri da a ke kira TBT, mai ƙarfi ƙwarai, amma aka tarar yana lalata kawa da sauran 'yan halittun bakin gaɓa, har ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a 2001 a hana shi, ta fara aiki a 2008. Fentin da a ke shafawa yanzu yana rage abin, ba ya hana shi ɗungum. Saboda haka ba makawa sai hannun mutum ya kai wurin.

Hanya biyu ce. Ko dai a shigar da jirgi cikin wani babban kwarmi mai ƙofa a bakin teku, a rufe ƙofar, a janye ruwan, jirgi ya zauna bisa katako kowa ya zagaya shi da ƙafa. Ko kuwa a tura mutum ya bi shi cikin ruwa. Ta farko tana cin kuɗi da kwanaki, jirgi kuwa duk ranar da ba ya tafiya hasara ya ke yi. Dokar kiyaye rayuka a teku ta ce a duba cikin jirgin kaya sau 2 a cikin shekara 5, kada tsakanin dubawa da dubawa ya wuce wata 36, amma an yarda, bisa waɗansu sharuɗɗa, a yi ɗaya daga ciki a ruwa ta hannun masu nutso. Watau dai an ɗauki rahoton mutumin da ke ƙasa an ajiye shi a madadin idon jama'a.

Kafin a sami kayan nutso, duba abin da a kan yi. A watan Agusta 1782 aka so gyara wani bututu da ke ƙasa da bakin ruwa a jikin jirgin yaƙin Ingila mai suna Royal George, yana tsaye a Spithead kusa da Portsmouth. Sai aka tura igwoyinsa gefe guda don ya karkata wurin gyaran ya fito sarari. Ya karkata fiye da kima, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa, nan take ya nutse da mutum fiye da 800, har da mata da yara da suka zo ban kwana da mazansu. Daga 1839 aka shiga kawar da gawar jirgin, a can ne kuma aka gwada hular nutso ta Augustus Siebe, wadda a ke ɗaure ta da riga a riƙa tura wa mutum iska daga sama. Jirgin da ya halaka don rashin mai shiga ƙarƙashinsa, shi ya zama makarantar masu shiga.

Mai nutso na yau yana sa hula mai tagar gilashi, da fitila da kyamara a goshi. Daga hular akwai tiyon iska da wayar magana da igiya, an murɗe su wuri ɗaya har sama, ana kiransu cibiya, sunan kuwa ya dace, gama in ta yanke rai ya yanke. Don wanke faffaɗan jikin jirgi ya kan tuƙa wani keke mai burushi masu juyawa, wanda ya ke manne wa ƙarfen yana tafiya. Farfela kuwa aikinta dabam ne. Da wani irin tagulla a ke zuba ta, kuma ba ƙaramin abu ba ce: ta jirgin Emma Maersk, wanda aka gama a 2006, tana da fukafukai 6, faɗinta ya wuce mita 9, nauyinta ya fi tan 130. Mai nutso ya kan bi kowane fiffike da faifan gogewa, gaba da baya, har ya yi sumul. Akwai wani ɗan ma'auni mai suna Rubert, yana da fuska 6 daga A zuwa F, A ita ce mafi santsi. A kan kara shi jikin fiffiken a gwada, a ɗauki hoto. Yana cikin wannan ne ya ke duba ko akwai tsaga, ko bakin fiffike ya lanƙwashe, ko igiyar masunta ta naɗe a gindin sandar da ke juya farfelar, inda za ta iya cinye abin da ke hana ruwa shiga.

To, ga inda masu cewa amana ta zama tsohon yayi su ke kafa hujja. Sun ce ai yanzu mai duba jirgi na kamfanonin ba da shaida, irin su Lloyd's Register wanda asalinsa ya faro a London tun 1760, yana zaune a sama gaban allon talabijin, yana ganin duk abin da mai nutso ya ke gani, yana ce masa matsa dama, koma baya. Sun ce kuma ko an ɓoye wa kyamara, ba a ɓoye wa ma'aunin mai, gama in ba a goge farfela sosai ba injin zai faɗa. Mene ne amfanin halin kirki, in ji su, tun da tsoron kamu ya isa?

Ban raina wannan magana ba. Sa ido abu ne mai kyau, mai gaskiya kuwa ba ya jin haushinsa, don shi ne ya ke wanke shi ran da aka zarge shi. Amma hujjar tana da ɓaraka. Kyamarar nan a goshin wa ta ke? Inda mai nutso ya juya kansa, nan ta ke kallo. Ruwan tasha sau da yawa gurɓatacce ne, wani lokaci mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa, har yatsunsa su kan riga idonsa jin tsaga. Abin da yatsa ya ji kuwa ba ya fitowa a allo, sai in mai yatsan ya buɗe baki. Duk wanda ya taɓa aikin akawu ya san irin wannan: mai binciken littattafai shafin da aka buɗe masa ya ke karantawa, kuma jimla tana iya fita daidai alhali kuwa kuɗi sun bi wata hanya.

Akwai ma ha'incin da ya fi wannan ɓoyuwa, gama kama da ƙwazo ya ke yi. In mai nutso ya sa burushi mai tauri ya danna, jirgi zai fito fes cikin rabin lokaci, hoto ya yi kyau, kyaftin ya sa hannu yana murna. Amma ya kankare fentin da ke tsare ƙarfen, bayan 'yan watanni abin ya dawo ya fi na da. A lokacin nan jirgi yana wata nahiya, an wanke shi a tasha biyu ko uku, wa zai ce ga wanda ya yi ɓarnar? Ma'aunin mai ya kan faɗa lalle, amma ba ya faɗin suna. Mai tsoron kamu da mai riƙon amana aikinsu ɗaya ne muddin ana kallo. Ba su rabuwa sai a lungun da ke bayan farfela, ko a daƙiƙar da yatsa ya ji wani abu, ga jirgi an gama lodi, ga mai jirgi yana jiran a ce masa lafiya lau.

Kalmar mai nutso kuwa tana da nauyi. A watan Maris 2017 wani jirgin kaya mai suna DL Marigold ya iso Tauranga a ƙasar New Zealand. Masu nutso suka shiga suka tarar cikinsa ya cika da halittu manne, hukuma ta umurce shi ya fice daga ruwan ƙasar, don gudun kada baƙin halittu su zube su hayayyafa su ɓata musu gaɓa. Ya nufi Fiji don a wanke shi, can ma aka ƙi shi. Da waɗannan mutane sun kau da kai, da ba wanda zai sani sai bayan shekaru, waɗanda za su sha wahalar kuwa masunta ne da ba su san an yi cinikin ba. Ashe amanar ba ta mai biyan kuɗi ce kaɗai ba.

Sai dai zalunci ne a tsaya nan, a ɗora wa na ƙasa dukan kaya. Wanda ya taɓa ganin yasar rijiya ya san mutum biyu ne su ke aikin, na ciki da mai riƙe igiya, na ciki kuwa ba ya ganin hannun na sama. Haka mai nutso ya ke. Zurfin da ya ke aiki ba mai yawa ba ne, ko da ya ke kowane mita 10 nauyin da ke danne shi ya kan ƙaru da kwatankwacin nauyin iskar da mu ke ciki. Abin da ya fi kashe masu wannan sana'a yana cikin jirgin ne. Akwai ramuka masu raga a cikinsa inda famfo ya ke zuƙar ruwan sanyaya injin. In aka kunna famfon mutum yana kusa, sai ya manne ba ya iya ɓamɓare kansa. In wani ya taɓa injin farfela ta motsa, ba sai an faɗi sauran ba. Ga shi kuma ba ya iya tasowa kai tsaye in abu ya ɓaci, gama rufin ƙarfe ne shimfiɗe a bisansa, sai ya bi cibiyarsa ya koma ta inda ya shigo. An yi hasarar rayuka ta waɗannan hanyoyi a tashoshi dabam dabam, galibi kuwa ba mugunta ce ta jawo ba, mantuwa ce, ko gaggawa, ko an canja ma'aikata ba a gaya wa sabon akwai mutum a ƙasa ba.

Saboda haka mai jirgin da ya ke neman a gaya masa gaskiyar abin da ke ƙarƙashin jirginsa, shi ma akwai bashi a kansa. In ya ba da awa shida ga aikin da ke bukatar goma sha biyu, ya kuma zaɓi kamfanin da ya fi araha don ya rage mutane a bakin igiya, to ya sayi ƙarya da kuɗinsa, bai kamata ya yi mamaki ba in an kawo masa ita. Ina ganin nan ne kuskuren masu cewa sa ido ya isa ya fi girma. Sun tuna da kyamarar da ke kallon aikin mai nutso, sun manta shi ba shi da wadda za ta nuna masa hannun injiniya.

Ga yadda masu hankali su ke yi. Kafin kowa ya shiga ruwa, shugaban masu nutso ya kan hau jirgi ya zauna da kyaftin da babban injiniya, su bi takarda layi layi. A kulle injin, a rataya alama a kan kowane makunni da bai kamata a taɓa ba, a tsai da famfunan gefen da za a yi aiki, a sanar da dukan ma'aikata. A ɗaga tuta mai fari da shuɗi, wadda a ƙa'idar tutocin teku ta ke nufin akwai mai nutso a ƙasa, kowane jirgi ya nisanta ya rage gudu. Wani mai nutso na biyu ya zauna a shirye da kayansa a jiki, ba ya aikin kome sai jira. Duk waɗannan takardu da makullai suna da amfani, amma mutum ne ya ke sa hannu, mutum ne kuma ya ke sauka ɗakin injin ya duba ko abin da aka rubuta an yi shi.

In an gama, shugaban ba ya mai da takardar sai ya ƙirga mutanensa ɗaya ɗaya a cikin kwalekwalensu, ya ga an naɗe kowace cibiya. Sa'an nan a sauke tuta, a cire makullai, injiniya ya kunna injin. Mai nutso yana zaune yana tuɓe hula, farfelar da ya yini yana gogewa ta fara juyawa a inda shi ma ba ya ganinta.