Wasan da Mutum Ɗaya Bai San Ana Yi Ba

A Makarfi, Kudan da Ikara, inda ƙasar Zazzau ta yi iyaka da ta Kano, ba a rasa barkwanci. Bakano zai zo sarin rake, Bazazzagi ya tsokane shi, shi ma ya rama, a yi dariya a ɗaure kaya. Wannan wasa kowa ya san ƙa'idarsa, kamar na taubasai da na jika da kaka. Amma akwai wani da samari suka ɗauko a waya: a kira mutum a ce an sace ƙaninsa a hanyar gona, ko a ɓoye masa babur, a ɗauki bidiyon ruɗewarsa, sannan a ce, "Ai wasa ne." Irin wannan ba ya armashi sai wanda ake yi wa ya gaskata ƙaryar, hantarsa ta kaɗa.

Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya, ya farka a firgice. Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya ce fa kawai, ba kuma da nufin sata aka ɗauka ba, amma hukuncin ya rataya a kan firgicin, bai tsaya kan niyyar mai wasan ba.

Za a ce ai sahabi Nu'aimanu ya shahara da zolaya, Annabi kuma yana murmushi. Gaskiya ne, addini bai hana raha ba, Annabi da kansa yana yi, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Labarin mutum guda ba zai ture hani bayyananne ba. Za a kuma ce da an bayyana gaskiya shi ke nan. Ina! Dattijuwa mai hawan jini da aka ce mata an ɗauke ɗanta, jikinta ya riga ya karɓi labarin, ban haƙuri ba zai mayar da shi ba.

Ɓarnar ma ta wuce mutum ɗaya. A arewacin Kaduna, inda garkuwa da mutane ta sa jama'a barci da ido ɗaya, ihu amana ne. Duk wanda ya yi shi don dariya, yana koya wa maƙwabta su tsaya tantama ranar da kiran gaske zai zo da tsakar dare.