Tunatar da 'Yan'uwa Game da Ƙwayar da Ido Ba Ya Gani

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani, Ya ajiye hikimarSa a cikin ƙarami kamar yadda Ya ajiye ta a cikin babba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ke maimaituwa a Zurmi da ƙauyukanta idan bazara ta kama. Zafi ya tsananta, sai ƙyanda ta shigo gari. Ka ga uwa ta goyo ɗanta, idanunsa jawur suna zubar da ruwa, yana tari, ƙuraje sun ɓullo daga bayan kunne sun gangaro ƙirji. Uban ya ruga kemis ya ce, "A ba ni kafso mai ƙarfi." A ɗura wa yaro, ciwo yana nan daram. Bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sai dai bai san maƙiyin da yake yaƙa ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa, ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙaramar hukumar Zurmi a watan Disamba na 2016, ya watsu zuwa jihohin maƙwabta, aikin bakteriya ne. Ita halitta ce mai cin gashin kanta: tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu, kuma maganin da likita ke bayarwa yana kashe ta. Ƙyanda kuwa, da shan inna, da agana, da haukan kare, da korona, duk aikin bairas ne, wanda kafso ba ya taɓa shi, sai dai ya taimaka idan bakteriya ta biyo bayansa.

Tun fiye da shekara 1000 da suka wuce, likitan nan Abubakar ar-Razi ya bambance ƙyanda da agana ta hanyar alamominsu, amma musabbabin ya ɓuya ga mutane. Sai a 1892 wani masani ɗan Rasha, Ibanofski, ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, ya tarar cutar ta wuce abinta. Ba a ga siffar wannan bairas ba sai a 1939, a Jamus, da madubin likita mai aiki da lantarki. Na shan inna, sai an jera fiye da 30,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!

Siffarsa ta yi kama da laya: rubutu a ciki, rufi a waje. Rubutun shi ne ƙwayar gadonsa, rufin kuma na furotin ne, wasu har da mayafin kitse a sama. Ba shi da baki, ba shi da ciki, ba ya numfashi, ba ya haihuwa da kansa. Jikin ɗan Adam kuwa an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da masana ke kira sel, kamar yadda ake gina soro da tubali. A cikin kowane ɗaki akwai masu kwafar rubutu da masu ƙira, suna aiki dare da rana bisa umarnin da aka ajiye musu.

A jikin rufin bairas akwai wani abu kamar makulli, a bangon sel kuma akwai kwaɗo. Idan makulli bai dace da kwaɗo ba, babu shiga. Shi ya sa cutar gyaɗa ba ta kama manomi. Idan ya dace, sai bairas ya manne, ya kutsa, ya tuɓe rufinsa, ya miƙa rubutunsa ga ma'aikatan ɗakin. Su kuwa ba su tambayar daga ina takarda ta fito. Sai su ajiye aikin gida, su duƙufa kwafarta, suna ƙera sabbin rufi, suna haɗawa. Cikin kimanin awa 8, sel ɗaya na iya fitar da dubban ƙwayoyin shan inna, ya fashe ya mutu, su kuma su faɗa maƙwabta. Baƙo ya shigo da sallama, ya kori mai gida.

Bairas na shan inna yana shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ya hayayyafa a hanji. Yawancin yara ba sa ma nuna alama. Amma a kusan ɗaya cikin 200, yakan kai ga laka ya kashe jijiyoyin motsi, ƙafa ta shanye har abada. Saurayin da kake gani a kasuwar Shinkafi yana tuƙa kekensa da hannu, kakanninmu sun ce Inna ce ta sha ƙafarsa; yau Allah Ya sanar da mu sababin. Ko tsiro bai tsira ba: a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a Arewa, har ƙasar da jirgin ƙasan Ƙauran Namoda ya saba kwasar gyaɗarta ta ji a jikinta.

To, ga wurin rahama. Allah Ya sanya wa jiki garkuwa mai tunawa da fuskar maƙiyi. Rigakafi shi ne a nuna mata bairas da aka raunana ko aka kashe, ta haddace makullinsa, ranar da na gaske ya zo ta toshe shi tun a bakin ƙofa. Da rigakafi aka kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da haka a 1980. Da aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 saboda shakka, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Da aka koma, sai ga shi ranar 25 ga Agusta, 2020, an ayyana Afirka ta rabu da asalin nau'inta. Sauran aiki yana nan, domin inda rashin tsaro ya hana yara da yawa samun ɗigo, raunannen bairas ɗin da ke cikin ɗigon na iya daɗewa yana yawo har ƙarfinsa ya dawo.

Kada wani ya ce wannan ya saɓa wa tawakkali. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji annoba ta sauka a Sham, ya juya da jama'arsa daga hanya, ya kuma bayyana cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani alhali nauyin daula na wuyansa. Wanda Ya halicci makullin Shi Ya halicci abin toshe shi, kuma yaran nan amana ce da za a tambaye mu. Sai mu kai su allurar ƙyanda da sun cika wata 9, mu buɗe zaure ga masu ɗigo, mu tsare ruwan sha, mu wanke hannu da sabulu, sannan mu dogara ga Allah.

Ya Ubangiji, Ka kare 'ya'yanmu daga annoba, Ka dawo da zaman lafiya ƙasar Zamfara, Ka buɗe hanyoyin ƙauyukanmu har magani ya isa ga kowane gida. Amin.