Kwana Ya Ƙare, Ko Mu Muka Makara?

Na fi shekara ashirin ina limancin wani ɗan masallaci a Lagdo, kusa da inda masunta ke sauke kifi. Cikin gawawwakin da na sallata, babu masu tsaya mini a rai kamar na matan da suka tafi wajen haihuwa. Ta baya-bayan nan matar ƙanena ce. Suna zaune a wani sansanin masunta a tsallaken tafki. Ta sauka da tsakar dare, ɗa namiji, sai mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Mijin yana can kan ruwa wajen taru. Matan gida suka yi ta jiƙe-jiƙe da tofi, an rasa mai ƙarfin halin fita da matar aure ba da izinin maigida ba. Da ya dawo da asuba aka shiga neman man injin jirgi. Kafin su taɓa gaɓa ta cika.

A zaman makoki kowa ya zo da kalma ɗaya: “Kwananta ne ya ƙare, sai haƙuri, ai ta yi shahada.” Ni ma haka na ce wa ƙanena, kuma ban yi ƙarya ba. Ajali ba ya jinkiri, kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an lissafa mai mutuwa ta dalilin ciki cikin shahidai. Sai dai da dare ya yi na kasa barci. Darajar shahidi ba ta wanke wanda ya yi sakaci har aka rasa shi. Wanda gini ya danne shi ma shahidi ne, amma ba mu fasa tuhumar maginin da ya ci kuɗin siminti ba.

Wata ungozomar asibiti da ke ɗaukar karatu wajen mai ɗakina ce ta ƙara dagula mini lissafi. Ta ce binciken lafiyar iyali na Kamaru a 2011 ya nuna mata 782 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, na 2018 kuwa ya nuna 406. Ta kuma tuna mini da takardar nan ta Chèque santé da aka fara a yankunan arewa uku a 2015, wadda mai ciki ke saya sefa 6,000 ta samu awo da haihuwa, har tiyata idan ta kama. Sannan ta ce, “Allah ya gafarta Malam, jinin nan da ke kashe su, allura ce ke tsayar da shi in an zo da wuri. Jijjiga ma tana da maganinta. To ƙaddarar ce ta ragu a shekara bakwai, ko mutane ne suka tashi tsaye?”

Amsar na same ta a labarin Sayyidina Umar. Ya nufi Sham, a Sarag labari ya riske shi cewa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara, ya juya da jama’a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai ɓangare biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Ke nan zaɓin makiyayi yana cikin abin da aka rubuta, kuma za a tambaye shi a kai. Galan ɗin mai da ba a tanada ba, da izinin da ba a bari ba, su ne ƙeƙasasshen ɓangaren da muka kora ’yar mutane.

Ungozomar ta ba ni wani misali da ya zauna mini. A ƙasa ƙarama irin tsibiran Seshel, inda haihuwar shekara ba ta kai 2,000 ba, mace ɗaya tak ta rasu alƙaluman ƙasar sun haura 50 a ma’aunin nan na 100,000. Mutuwa ɗaya ba ta da wurin ɓuya. Mu kuwa a babbar ƙasa, matar ƙanena ɗigo ce a cikin Binuwai. Amma unguwata ai ƙaramar ƙasa ce. Mun san sunan kowace, mun san uwarta, mun ci tuwon bikinta. Duniya ta sa wa kanta burin komawa ƙasa da 70 kafin 2030, mu namu lissafin da sunaye ne.

Har gobe idan na je ta’aziyya zan ce kwana ya ƙare, domin zuciyar da ke ƙuna ba ta buƙatar shari’a. Wannan magana wurinta tabarmar makoki. Bayan sadakar uku kuma akwai tambayar da ya wajaba dangi su zauna su yi: ina aka tsaya, wa aka jira, me aka rasa?

Yanzu duk masuncin da matarsa ta shiga watanta, nakan tare shi bayan sallar asuba in ce, “Malam, kafin ka hau ruwa ka tara matan gida ka faɗa da bakinka cewa ko ba ka nan a fita da ita. Ka ajiye galan guda da ba na kamun kifi ba.” Wasu su yi dariya, su ce liman ya koma likita. Ɗan marigayiyar yana gidana, ya fara rarrafe. Wata rana zai tambaye ni yadda mahaifiyarsa ta rasu, kuma na san “kwananta ya ƙare” kaɗai ba za ta ishe shi ba.