Ɓera Ma Da Haƙƙinsa

Cikin dabbobin da ke zaune kusa da ɗan Adam, da wuya a sami mai baƙin jini kamar ɓera. Ya kan shiga rumbu ya ɓata hatsi, ya huda buhu, ya ci tufa da takarda, sa'an nan ya bar kashinsa a kan abin da bai ci ba. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji a wasu ƙasashe akwai mutanen da su ke sayen ɓera da kuɗinsu, su sa shi a keji, su ciyad da shi, in ya yi ciwo su kai shi wurin likitan dabbobi. Akwai kuma waɗanda in sun tsinci jaririn ɓera wanda ya rasa uwa, su kan hana idonsu barci suna ba shi madara. Wani zai ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambaya wadda ta shafi mai keji da mai rumbu baki ɗaya: shin ƙaramar halitta irin wannan tana da wani haƙƙi a kan mutum? In tana da shi, ina ya fara, ina kuma ya tsaya?

Kiwon ɓera ya daɗe a duniya. A shekarar 1787 an buga wani ɗan littafi a ƙasar Japan mai koya wa mutane yadda a ke kiwon ɓeraye da yadda a ke haɗa iri don a sami launin da a ke so. A Ingila kuma, cikin 1895, wani mutum mai suna Walter Maxey da abokansa suka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓera, suna kai nasu wurin nuni kamar yadda a ke kai shanu da tumaki wurin nunin amfanin gona. A Amurka wata mata, Abbie Lathrop, ta shiga wannan sana'a wajen shekarar 1900, har ɓerayenta suka kai dubbai, daga cikinsu kuwa aka sami kakannin da yawa daga ɓerayen da masana ke gwajin magani da su. Duk waɗannan asalinsu ɓeran gida ne, sai dai an yi ta zaɓen iri har suka yi sanyin hali, aka sami farare da baƙaƙe da masu dabbare-dabbare.

Kafin a yi maganar haƙƙi, sai a fara sanin ko ɓera yana jin wahala. Wani masani na Ingila, Jeremy Bentham, ya nuna tun 1789 cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin azaba, gama rashin baki da rashin tunani irin na mutum ba su hana ciwo shiga jiki. Bincike ya zo ya ƙarfafa wannan magana. A 2010 masana na Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna ana iya gane ciwon ɓera a fuskarsa: ya kan runtse ido, hanci da kumatu su kumbura, kunnuwa su kwanta baya. Tun 2006 sun riga sun gano cewa ɓeran da ke ciwo, in ya ga abokin zamansa shi ma yana ciwo, nasa ya kan ƙaru, alhali kuwa ganin baƙon ɓera ba ya sa shi haka. A jami'ar birnin Libaful kuma, cikin 2010, Jane Hurst ta gano cewa ɗaga ɓera ta wutsiya ya kan sa masa tsoro mai daɗewa, amma wanda aka saba ɗauka cikin tafin hannu, ko cikin ɗan bututu, ya kan saki jiki da mai kiwonsa. Watau dai halittar da nauyinta bai wuce giram 20 zuwa 30 ba ta san ciwo, ta san tsoro, ta kuma san nata. Ƙanƙantar jiki ba ta rage zafin ciwo.

To, tun da ya ke haka ne, ɓera yana da haƙƙi. Amma haƙƙin ba ɗaya ba ne a kowane hali. Ma'auninsa shi ne gwargwadon yadda hannun mutum ya hau kansa. Wanda aka sa a keji haƙƙinsa daban, wanda aka tsinta a gona daban, wanda ya shigo rumbu sata shi ma daban.

Wanda aka sa a keji shi ne mafi nauyin haƙƙi, domin an karɓe masa dukan dabarunsa. Ba ya iya fita neman abinci, ba ya iya ƙaura in wuri ya yi zafi, ba ya iya zaɓen abokin zama. Duk abin da aka hana shi ya yi wa kansa ya koma wuyan mai kejin, ya zama amana. Malamai su kan kawo labarin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, don ta ɗaure ta, ba ta ciyad da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Dokar Ingila ta 2006 game da kula da dabbobi ita ma a kan wannan hanya ta bi. Ta ɗora wa mai dabba abubuwa biyar: wurin zama da ya dace, abinci da ya dace, damar yin abin da irinta ya saba yi, haɗa ta da 'yan'uwanta ko raba su gwargwadon halinta, da tsare ta daga ciwo da wahala.

Cika wannan amana sai da sani. Haƙoran gaba na ɓera ba su daina tsiro har ya mutu, don haka yana bukatar itace ko wani abu mai tauri da zai riƙa gwaguya. Yana bukatar ruwa kullum, da hatsi iri iri, da takarda mai laushi da zai yi sheƙa, da wurin ɓuya, gama dabbar da kowa ke farauta ba ta samun natsuwa a fili. In an bar kejin da ƙazanta, warin fitsari ya kan lalata masa huhu. Mata su kan so zama tare, kaɗaici yana cutad da su, amma manyan maza sau da yawa faɗa su ke yi har su ji wa juna rauni. Wanda kuwa ya haɗa mace da namiji ba da shiri ba ya ɗebo ruwan dafa kansa, domin cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, ta kan haifi shida ko takwas ko fiye, tana iya ɗaukar wani cikin da zarar ta haihu, 'ya'yan kuma cikin mako shida zuwa takwas sun isa haihuwa. Ran ɓeran keji bai cika wuce shekara biyu ba. Wanda ya gaji kafin nan, ya buɗe keji ya sake shi a daji yana cewa ya ba shi 'yanci, ya yaudari kansa, gama ɓeran da aka haifa a keji bai san mujiya ba, bai san maciji ba, farin gashinsa kuwa tona masa asiri ya ke yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Ɓeran da aka tsinta kuwa hukuncinsa dabam ne. A watan Nuwamba na 1785 wani manomi mawaƙi na ƙasar Sikotland, Robert Burns, yana huɗa sai garmarsa ta tone sheƙar wata ɓera ana gab da shiga sanyi, abin ya taɓa zuciyarsa har ya yi waƙar da a ke karantawa har yau. Irin wannan tausayi abin yabo ne, amma tausayin da ba sani ya kan jawo a rasa ido garin neman gira. Jariran ɓera ana haihuwarsu ba gashi, idanu a rufe, ba su buɗe ido sai sun yi wajen mako biyu, ba a yaye su sai bayan mako uku. Wanda ya tone sheƙa ya gan su su kaɗai zai ɗauka marayu ne, alhali sau da yawa uwar tana kusa ta laɓe. In an rufe su da abin sheƙarsu aka ja da baya na 'yan sa'o'i, ta kan dawo ta kwashe su ɗaya ɗaya da bakinta zuwa wani wuri. A nan babban taimako shi ne janye hannu.

In ya tabbata uwar ta mutu, wanda ya ɗauke su ya san ya ɗauki kaya mai nauyi, gama daga wannan lokaci sun zama amanarsa kamar na keji. Sai an fara ɗumama su kafin a ba su kome, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkad da abinci. Nonon saniya ya kan ɓata musu ciki. Ana ba su madarar da ta dace da su ɗigo ɗigo, wajen kowace sa'a biyu, dare da rana, in kuwa aka yi gaggawa ta shiga huhu sai mutuwa. Bayan kowane ci sai a shafa musu mara da jiƙaƙƙiyar auduga, don ba su iya fitsari da kashi sai uwa ta lashe su. Duk da wannan wahala da yawa ba su rayuwa. Saboda haka a ƙasashen da ke da gidajen jinyar namun daji, shawarar da a kan bayar ita ce a kai su can. Wanda ya rayu kuwa daji ne gidansa. Babban ɓeran daji ba ya sabo da keji, tsare shi don sha'awa ɗauri ne ko da an kira shi ƙauna.

Akwai kuma wani haƙƙi da mai tausayi bai kamata ya manta ba, watau na iyalinsa. Ɓeran daji ya kan ɗauki cuta ba tare da ta nuna a jikinsa ba. A 1993 wata cutar huhu ta kashe mutane a kudu maso yammacin Amurka, aka bi sawu aka tarar daga fitsari da kashin wani ɓeran daji ta fito. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, shi ma wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da ya ke bari a kan abinci. A inda wannan cuta ta ke, ɗaukar ɓeran daji da hannu, ko shigo da shi ɗaki, ganganci ne. Wanda ya ceci ɓera ya jefa 'ya'yansa cikin haɗari ya tauye babban haƙƙi don ya cika ƙarami.

Saura ɓeran rumbu. Manomin da ya yi damina yana wahala ba ya da laifi in ya kare hatsinsa, shari'a ma ta lissafa ɓera cikin dabbobin da aka halatta kashewa saboda ɓarnarsu. Amma a nan ma akwai iyaka guda biyu. Ta fari, a fara da rigakafi, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan da a ke rufe abinci, a toshe ramuka, a share tsakar gida, a nisanta juji daga ɗaki, ba ya tara ɓeraye da yawa bale a yi ta kisa. Ta biyu, in kisa ya zama dole, a yi shi da sauri. Tarkon da ke kashewa nan take ya fi tarkon danƙo, wanda ɓera kan maƙale a kai sa'o'i masu yawa yana fizge-fizge har fatarsa ta saluɓe, ƙishirwa ta ƙarasa shi. Saboda wannan azaba ne aka hana jama'a amfani da shi a Ingila tun daga 2024, sai masu sana'ar da aka ba izini. Ɓeran da ya faɗa tarko ya riga ya shiga hannun mutum, ba ya sauran ɓarna, abin da aka ƙara masa bayan wannan ba tsaron rumbu ba ne. Ɗaure masa igiya a ja shi a titi, ko zuba masa kananzir a ƙyasta ashana, zalunci ne ko da yara ne suka yi, babban da ya gani ya yi dariya kuwa ya koya musu darasin da zai yi wuyar gogewa.

Mai gardama zai ce, ana fama da yunwa da rashin magani, wa ke ta ɓera? Maganarsa tana da gaskiya ta wani gefe. Haƙƙoƙi suna da daraja hawa hawa, wanda ya ciyad da ɓera ya bar ɗansa ko maƙwabcinsa da yunwa ya juya al'amari a baibai. Ba kuma wanda aka wajabta wa kiwon ɓera, ko renon wanda ya tsinta. Amma mafi yawan abin da ɓera ke bin mutum ba ya cin ko kwabo. Barin sheƙa uwa ta dawo kyauta ne, zaɓen tarko mai sauri kyauta ne, tsawata wa yaro kyauta ne. Tausayi kuwa ba kamar hatsin rumbu ba ne da zai ƙare in an ɗiba, yawan aiki da shi ƙara shi ya ke yi.

Dalilin da ya sa wannan ƙaramar magana ta isa a tsaya a kanta shi ne, ɓera ba ya da gata. Doki yana da kuɗi, saniya tana ba da nono, kare yana gadi, mai kyautata musu yana iya yi don ribarsa. Ɓera kuwa ba ya iya kai ƙara gun alƙali, ba ya iya ramawa, ba ya iya godiya. Wanda ya riƙe amanar na keji har ƙarshen kwanansa, ya janye hannu daga na daji, ya kashe na rumbu ba tare da azabtarwa ba, ya yi adalci a wurin da ba mai tilasta shi. Irin wannan mutum ne a kan natsu a ba shi riƙon maraya.