Tambayar Da Ake Yi Wa Matanmu

Tun shekarar 1990 ake bi gida-gida a Nijeriya ana tambayar mata game da haihuwa. Binciken 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna matan aure 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani na hana ɗaukar ciki. Sauran fa, mene ne dalilinsu?

Ko a Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, amsa ba ɗaya ba ce. Wata tana son ƙarin 'ya'ya, wata tana tsoron illar allura, wata bangaskiyarta ce ta hana. Masu tsara shiri sukan kira dukan waɗannan cikas, amma a ganinmu lamirin mace ba cikas ba ne. A wasiƙar Humanae Vitae ta 1968, Paparoma Bulus na Shida ya haramta magungunan hana ciki, ya kuwa yarda ma'aurata su ba da tazara bisa dalili mai nauyi, ta wurin lura da kwanakin mace.

Amsar da ta fi damunmu ita ce, "Maigida bai yarda ba." Hanya irin ta Billings ba ta yiwuwa sai miji ya kame kansa na wasu kwanaki. Matar da ke da goyo, ga sabon ciki, ga ƙarancin jini, an kuma hana ta magana, tsoro take bi, ba koyarwar Ikklisiya ba. Mai bincike zai rubuta amsarta ya wuce. Katekis da Zumuntar Mata sun san ƙofar gidan, kuma mijin za su fara nema.